Agwagi Biyu a Kan Gado

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Ranar Talata ce. Idan na tsufa na buɗe littafin nan, ina so in tuna cewa Talata ce, kuma rana ce mai kyau, teku ya kwanta luf kamar zanen da aka goge.

Mun taso daga Brooklyn ranar Lahadi, mu bakwai: ni da mijina Nasser, da wansa Yaya Habibou, da matarsa Anti Rahina da 'yan matansu biyu, sai Hajiya, mahaifiyarsu, wadda ta zo mana ziyara daga Maraɗi. Yaya Habibou ne ya rantse sai ta ga teku kafin ta koma. Kwana bakwai, zuwa Bermuda da dawowa. Jirgin ruwan ya fi ginin da muke zaune a unguwar Mount Hope tsawo. Na taho da littattafan soyayya huɗu da wannan littafin rubutu, wai zan fara rubuta nawa labarin a bakin taga.

Mai gyara mana ɗaki dattijo ne mai furfura a gemu, Baba Yaw, mutumin Kumasi. Da ya ji muna Hausa sai ya saki abin sharar da ke hannunsa ya ce, "Amarya, ka zo lafiya?" Hausar zango gare shi, kowa "ka" ne a wurinsa, har Hajiya. Ba musulmi ba ne, amma da ya ga Hajiya na faɗa da jirgi saboda gabas ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai ya riƙa tambayo mata kowace safiya. "Hajiya, yau gabas na wajen kabad. In jirgi ya juya ba ruwana."

Talata da hantsi na dawo daga karin kumallo na tarar da agwagi biyu a kan gadonmu. Da farin tawul aka naɗe su, masu dogon wuya, baki da baki, wuyansu ya yi siffar zuciya, an watsa jajayen furanni kewaye da su. A makon nan aurenmu ke cika shekara. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Na ce ashe Nasser yana ji, ashe duk abin da nake karanta masa yana dariya ya shiga. Na ɗauki hoto na sa a waya kowa ya gani, na rubuta: wanda ya iya ya iya.

Wajen cin abincin rana na yi masa godiya a gaban kowa. Ya ce, "Wace agwagwa?" Na nuna masa. Yaya Habibou ya leƙo ya fashe da dariya, ya ce, "Mu biri aka naɗe mana, ku zuciya. Ƙanena, wani na yi maka aikinka." Nasser ya ajiye cokali ya fita.

Ƙarfe uku Baba Yaw ya kawo tawul ɗin da na roƙa wa Hajiya. Ya tokare ƙofa a buɗe kamar yadda yake yi kullum. Yana tambayata ko na ji daɗin agwagin, Nasser ya shigo ya ture abin tokarar da ƙafa.

Daga nan ban ga komai ba.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

Jiya da muka tsaya Bermuda motar asibiti ta zo bakin jirgi. Daga sama na hango gadon da aka turo. An lulluɓe shi zuwa wuya. Mutanen da ke gefena suna shafa man rana suna jiran a buɗe musu hanya su sauka.

Nasser yana wani ɗaki a hawa na huɗu da mai gadi a bakin ƙofa. Ni an mai da ni ɗakin Hajiya. Namu an rufe shi, za a canja kafet.

Shugaban masu tsaron jirgi ya tambaye ni sau uku. Na ce ban ga komai ba. Ya dubi wuyan hannuna. Na ce a banɗaki na zame.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe 11 na safe

Zahra da Bintu, 'yan matan Anti Rahina, sun ce sai sun je wajen wankan yara, mai silalo. Anti Rahina ba ta jin daɗi, ni na kai su. Ina yi musu Hausa suna amsa mini da Turanci. Na saya musu askirim ya narke a hannuna.

Komai na tafiya. Ana kiɗa a bakin ruwa, ana gasar rawa, an sassaƙa kifi da ƙanƙara. Mu dai kifi da shinkafa muke ci tun Lahadi, don Hajiya ba ta yarda da yankansu ba.

Hajiya ta ɗauko fulas ɗin ƙarfen da muka taho da shi saboda shayinta, ta juya shi a hannu ta ce, "Safiatou, me ya lotsa gindin nan?" Na ce faɗuwa ya yi. Ta ce, "To wa ya wanke shi da sabulun wanka? Duk shayin ƙamshi yake."

Juma'a, ƙarfe 7 na yamma

Daren ado ne. Yaya Habibou ya ce mu shirya mu fita, kada a ce mun ɓuya. Mai hoto ya jera mu a gindin bene ya ce mu yi murmushi. Mun yi.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe 10 na safe

Sabuwar mai gyaran ɗaki ta bar mana giwa ta tawul. Hajiya ta sa sandarta ta warware ta.

Na buɗe littafi na biyu. A shafi na arba'in saurayin ya naushi wani saboda ya kalli budurwar, ita kuma zuciyarta ta yi sanyi don ta tabbata yana sonta. Da nakan karanta irin wurin nan sau biyu. Ba wanda ya taɓa rubuta irin ƙarar da abin ke yi. Ba wanda ya rubuta cewa haƙori yakan yi tsalle har ƙarƙashin teburi, ko cewa mutum yakan ce "ɗana, tsaya, ɗana" har bakin ya daina iya faɗa.

Ran nan agwagin ba su faɗi ba. Suna nan baki da baki, sai dai ba farare ba ne kuma.

Ni ban ga komai ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Mun iso. Mutane dubu sun sauka da jakunkuna, mu aka tsayar. Jami'ai suka shigo suka tafi da Nasser. Wata mai bincike, baƙar fata mai gajeren gashi, ta zauna da ni. Ta ce kyamarar waje ta nuna Baba Yaw ya shiga da tawul, ta nuna Nasser ya shiga, ta nuna ƙofa ta rufe. Abin da ya faru a ciki mutum uku suka sani. Ɗaya ba ya iya magana yanzu, ɗaya mijina ne. Ta ce Nasser ya ce naushi ɗaya ya yi, mutumin ya faɗi a kan teburi, amma likita ya ce raunin ba na naushi ɗaya ba ne.

Ta ce ba za ta matsa mini yau ba. In zo ofishinsu ranar 31 ga wata. Ta ba ni katinta. Na sa shi cikin littafi na uku.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Nasser ya dawo gida jiya. An sake shi har zuwa ranar shari'a. Ya ci tuwo, ya ce gishiri ya yi yawa.

Fulas ɗin na kan kanta a kicin, bayan robar gero.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

An yi zama a falon Yaya Habibou bayan la'asar. Shi, da Hajiya, da Nasser, da Alhaji Mamuda, dattijon 'yan garinmu. Ni ina ƙasa a bakin ƙofa.

Yaya Habibou ya ce lauya ya faɗa musu gaskiya: idan aka same shi da wannan laifi, ɗauri ne, kuma bayan ɗauri katinsa na zama zai iya tafiya, a mai da shi gida. Shekara tara Nasser yana tsaye a titin Canal Street da teburin jakunkuna da tabarau, cikin sanyi da zafi. Hanya ɗaya ce, in ji Yaya Habibou, kuma ba lauya ne ya faɗa ba, shi ne ya yi tunaninta. In ce Baba Yaw ne ya rufe ƙofa. Na ce kyamara fa? Ya ce to, in ce ya kama hannuna ya ja ni wajen gado, na yi ihu, mijina ya shigo. Ga ma shaidar a wuyan hannuna, masu tsaro sun gani.

Alhaji Mamuda ya ce, "'Yata, mace rufin asirin mijinta ce. Wancan bawan Allah kamfani zai kula da shi."

Na ce, idan na faɗi haka me za a yi masa? Yaya Habibou ya ce, "Ke matar wa ce?"

Hajiya na gefe. Tana jan carbi tana kallon kafet.

Sun rubuta mini a takarda, layi shida, in haddace.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe 8 na safe

Mun yi bita. Na manta layi na huɗu.

Litinin, ƙarfe 3 na rana

Ƙofar kabad ɗin kicin ta buge ni a gira. Kullum ina cewa a gyara ta.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Anti Rahina ta zo mu yi dambu. Ta ga fuskata ta kau da kai. Muna tankaɗe sai ta ajiye rariya ta ce, "Safiatou, in gaya miki magana ki rantse ba za ki faɗa ba."

Ita ce ta cike mana takardun tafiya a waya. Akwai wurin da ake tambaya ko wani na bikin wani abu. Ta tuna aurenmu na cika shekara, ta danna. Shi ke nan. Duk ɗakin da aka danna wa haka agwagi ake naɗe masa, da furanni. Baba Yaw takarda aka ba shi da lambar ɗakinmu.

Na ce, "Anti, me ya hana ki faɗa tun ran nan?"

Ta ce lokacin tana wajen wanka da yara, ba ta ji ba sai da aka gama. "Bayan nan kuma in faɗa wa wa? Kin san Baban Zahra. Cewa zai yi ni na ɗaure masa ƙane." Ta yi kuka a cikin tsakin. Na ce ta bari, gishiri zai sake yin yawa. Muka yi dariya, ban san me ya sa ba.

Ban rantse ba. Ba ta lura ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe 7 na yamma

Na gaya wa Nasser maganar agwagin. Na zaci in ya ji zai zauna ya riƙe kai, kamar yadda suke yi a babin ƙarshe. Ya ce, "To sai me? Wa ya sa ki yi masa dariya kullum? Wa ya sa ki nuna wa duniya hoton?"

Farantai uku. Gilashin wayata. Littattafaina duka, har waɗanda na taho da su daga gida, ya kwashe ya zuba a ramin shara na bene. Na ji saukarsu tun daga hawa na biyar. Ya ce su ne suka lalata mini kai.

Katin matar nan mai bincike yana cikin na uku. Amma na riga na kwafe lambar a bangon littafin nan, shi kuma yana cikin buhun shinkafa.

Maƙwabciyarmu ta buga bango. Ya ƙara sautin talabijin.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Ya kawo mini turare da gasasshen nama. Ya ce ba shi ba ne, tsoro ne. Ya sa kai a cinyata ya ce, "Safi, in suka mai da ni, me zan ce wa mutane? Ke ce kawai gare ni." Na shafa masa kai. Gaskiya ne tsoro yake ji. Kuma ina son sa, wannan ma gaskiya ne, ba a littafi na karanta ba.

Mun yi bita. Ban manta ko layi ɗaya ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Na ce zan je gaishe da Nimatu, ƙawata tun makaranta, da ke zaune a St. George, tsallaken ruwa. Ya bar ni saboda yana son a ga komai lafiya.

A kan feri, jirgin fito, na ga jirgin da muka yi tafiya a cikinsa. Ya fito zai tafi, fari tas, mutane cike a sama suna ɗaga hannu. Na ƙirga har hawa na tara inda ɗakinmu yake, na ƙirga tagogi. Wata tana cikin ɗakin nan yanzu, a kan sabon kafet.

Nimatu ta zuba mini fura ba ta tambaye ni komai ba. Da zan tafi ta ce, "Kujerar nan tana buɗewa ta zama gado." Na ce ina da gado. Ta ce, "Na sani. Labari nake ba ki." Ta sa mini makulli a jaka.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe 12 na rana

Na je shagon kayan abincinmu na kusa da titin Grand Concourse. Wata mata mai kayan aikin jinya tana tsaye gaban garin gero tana juya leda. Ta ce da ni da Hausar zango, "'Yar'uwa, ka iya koko? Ina so ya yi ruwa sosai, wanda zai bi ta tsinken shan lemo."

Na ce ta jiƙa geron da kanta, ta tace sau biyu da ƙyalle mai laushi, kada ta sa citta da yawa. Na tambaya ko jariri ne.

Ta ce wanta ne. An kawo shi daga Bermuda aka yi masa aiki a nan, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, sati shida ba zai buɗe baki ba. Idon hagu ba a sani ba tukuna. Shekara goma sha tara yana aikin jirgi, 'ya'yansa mata uku a makaranta. "Yanzu ana yawo da magana wai ya taɓa matar mutane. In maganar ta shiga takarda, ba jirgin da zai sake ɗaukarsa. Shi ba aikin ne ya dame shi ba ma. Jiya ya rubuta mini a takarda: kada yarana su ji."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. 

Ta ɗauki geron ta ce sunanta Efua. Ta ce, "Sau biyu, da ƙyalle mai laushi. Na gode, Safiatou."

Ban gaya mata sunana ba.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe 10 na safe

Na gani.

Na ga Nasser ya ɗauki fulas a kan teburi, cike da shayi. Na ga na farko a gefen fuska. Baba Yaw bai ɗaga hannu ba, tawul na hannunsa, bai ma sake shi ba. Na biyu ya durƙusa. Na kama hannun Nasser ya murɗe nawa ya jefa ni jikin bango. Na ƙirga har biyar, bayan nan na daina ƙirgawa. Ya miƙo mini fulas ya ce wanke. Na wanke. Na goge. Na kai ɗakin Hajiya, sannan na yi ihu.

Baba Yaw bai taɓa ni ba. Bai taɓa matsowa kusa da ni ba. Abin da ya faɗa na ƙarshe kafin ƙofa ta rufe shi ne, "Allah ya ba ku zaman lafiya, amarya."

Laraba, ƙarfe 5 na yamma

Hajiya ta sa a kawo ta, wai ta yi mini addu'a kafin gobe. Nasser na falo da Yaya Habibou. Ta same ni a kicin. Ta dubi girata, ta daɗe tana duba. Ta miƙa hannu bayan robar gero ta ɗauko fulas ɗin, ta sa babban yatsa a wurin da ya lotse.

Na ce, "Hajiya, za ki koma da shi?"

Ta ce, "Ni ba na shan shayi a cikinsa." Ta mayar inda yake. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba, ta ce, "Ɗana ne. Ba zan ce miki komai ba."

Ban san ko roƙo ne ko izini ba. Na bar tambaya.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe 7 da rabi na safe

Ya so ya raka ni, amma an hana shi zuwa wurin. Ya sa na maimaita layi shidan a tsaye, ya sumbaci goshina, ya fita ɗauko kaya. Yaya Habibou zai zo da mota ƙarfe tara ya kai ni.

Ba zan jira shi ba. Na kira mai binciken, ta ce tana ofis tun takwas.

Na bar takardarsu a kan teburi. Fulas ɗin na cikin jakata, da littafin nan, da makullin Nimatu. Zan faɗi abin da na gani, har da wankewar, kuma daga can St. George zan wuce.